Kaset ɗin da na kai Rogo

Tun da na dawo daga Rogo ba a bar ni na sha shayi da daɗin rai ba. Ina zama a benci sai wani ya ce, "Ɗanlami, yaya ka baro su? Ka ga gidan da Alhaji ya fara kiɗa?" In ce lafiya lau, na gani. Gobe wani ya sake tambaya. Jiya har mai gyaran rediyon bakin layinmu ya tsayar da ni a rana. To na gaji da maimaitawa, kuma gaskiya wannan lafiya lau ɗin da nake cewa ba ita ce duka maganar ba. Zan rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a ƙyale ni in huta.

Ga wanda bai san ni ba, ni ɗan amshi ne a ƙungiyar Alhaji Haladu Kurugu mai gurmi. Shekara goma sha bakwai ina bayansa, ya faɗa in amsa. Haifaffen Fagge ne ni, a Kano na same su bayan sun riga sun yi suna, saboda haka Rogo a bakin Alhaji kawai na san ta.

Bana ciwo ya kwantar da shi. Ƙafafu suka kumbura, tashi ma sai an kama shi. Wata safiya ya aika aka kira mu, mu ukun da muka rage masa, ni da Mamman mai kalangu da mai ƙwarya. Muka same shi jingine da bango, gurmin a cinyarsa.

"Na waƙe 'yan kasuwa," in ji shi, "na waƙe direbobi, na waƙe mutumin da hula ɗaya ya taɓa ba ni. Amma matar da ta ba ni wurin zama da tuwo lokacin da ko takalmi ba ni da shi, ban taɓa kiran sunanta a waƙa ba. Da wane ido zan tafi?"

A nan zan kira ta Asabe. Ba sunanta ba ne, haka ma na ɗanta na canja shi, za ku ga dalili a gaba.

A ɗakin nan muka ɗauki waƙar da rakoda, kaset ɗaya tak. Muryarsa tana rawa, amma waƙar ta yi kyau, ni kaina sai da na share ido. Da aka gama ya miƙo min kaset ɗin ya ce, "Ɗanlami, ka kai mata. Ka ce Haladu yana neman gafara. Ka biya ta Karaye wajen Iro, shi ya san inda take. Kada ka daɗe, ka ga dai yadda nake."

Washegari da sassafe ina tasha. Kun san halin da ake ciki na wahalar mai. Bas ɗin ta cika tun hantsi, amma direba ya tafi neman galan ɗin mai, bai dawo ba sai da rana ta take. An cusa mu biyar a kujerar mutum huɗu. Na kusa da ni wani dattijo ne da ya sayo fitilar ƙwai, ya rungume ta kamar jariri, duk ramin da muka faɗa sai ya harare ni kamar ni na haƙa shi. A shinge biyu aka sauke mu duka aka duba kaya. A na biyun wani ya ciro kaset ɗin daga aljihuna ya jujjuya shi, ya ga babu rubutu, ya ce wa'azi ne ko kiɗa? Na ce saƙon mara lafiya ne. Ya mayar min. Kafin mu kai Karaye taya ta yi faci, muka zauna gindin wata ɗorawa muna kallon direba yana faɗa da jak. Tafiyar da aka ce min ba ta da nisa, sai bayan la'asar na sauka.

Baba Iro shi ne mai kalangun Alhaji na farko. Na same shi a ƙofar gida yana ɓarar gyaɗa. Na yi sallama irin tamu ta birni, ina wuni, yaya gida, zan shiga magana, sai na ga ashe ba a fara gaisuwa ba. Ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa ko ya sauka a Kano, ya koma kan gajiya. Maƙwabta uku suka zo, kowanne ya ɗauko daga farko. A Fagge da ka yi wa mutum irin wannan gaisuwa sai ya ɗauka wani abu kake nema a wurinsa. Amma da aka kawo fura na yafe musu komai. Nonon da wata Bafillatana ta dama da shi, ludayi sai ya tsaya a ciki. Ashe abin da muke sha a birni ruwa ne aka nuna masa nono.

Da na gaya masa halin da Alhaji yake ciki sai ya ce Allah ya sa kaffara ne. Sai na roƙe shi ya ba ni labarin gidan Asabe, tunda shi ganau ne.

Ya ce gidan yana bayan kasuwar Rogo, zaure ne mai ƙofa biyu da tsakar gida da tsamiya ɗaya. Asabe ta zo garin bayan aurenta ya mutu, tana zaman kanta, tana sayar da tuwo ga masu sayen gyaɗa da fatake. Akwai wasu mata biyu ko uku da ke zaune a wurinta suna taya ta aiki. Ranar kasuwa, in an tashi daga ciniki, makaɗan da ke wucewa sukan yada zango a gindin tsamiyar, da haka wurin ya zama gidan wasa ba tare da wani ya shirya ba. Tana da dokoki. Ba a taɓa fatar ganga sai an yi la'asar, kuma ana kiran magariba kowa ya ajiye. Makaɗi ba ya wasa sai ya ci ya ƙoshi, don ta ce in da yunwa a cikinsa bara zai yi mata a gida.

"Haladu a ƙafa ya zo daga Kurugu," in ji Baba Iro, "ya gudo daga gonar babansa. Gurmin nasa da wayar birkin keke ya ɗaure shi. Ranar farko yana cikin waƙa wayar ta tsinke ta tsarge shi a haɓa, jama'a suka yi ta dariya. Ita ba ta yi dariya ba. Ta zuba masa tuwo ta ce ya dawo kasuwa mai zuwa. Ita ta haɗa ni da shi. Damina uku muna zaurenta."

Na ce ita ma mawaƙiya ce?

"Ko kusa. Kunne ne da ita. Tana bakin murhu tana tuƙi, in waƙa ta yi tsawo sai ka ji ta buga muciya a tukunya. Da ka ji haka ka san ka fara gundurar mutane. Duk gajerun waƙoƙin nan na Haladu da kuke yabo, muciyar Asabe ce ta yanka su."

Daga baya wani dillalin gyaɗa ya ɗauke su zuwa biki a Kano, masu rediyo suka ji, shi ke nan. Baba Iro ya yi wata biyu ya dawo, don babansa ya tsufa kuma gona ba ta jira. Gidan ya ci gaba wasu shekaru da wasu makaɗan. Sai zamani ya juya, wa'azi ya yi ƙarfi, aka fara tashin irin waɗannan gidaje. Ita ba ta jira an tashe ta ba. Ta rufe, ta auri wani malami a cikin gari, ta je Makka. Ɗanta Malam Nasiru yanzu shi ke koyarwa a wata Islamiyya.

Na ciro kaset ɗin na nuna masa, ina alfahari. Ya dube shi bai taɓa ba.

"Sunanta ya kira a ciki?"

"Tun daga farko har ƙarshe, Baba."

Ya ci gaba da ɓarar gyaɗarsa. Can ya ce, "To ka kai mata hannu da hannu." Na ce ai abin da ya kawo ni ke nan. Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa fuskarsa ta canja ba.

A zaurensa na kwana tsakanin buhunan gyaɗa, bayan tuwon dawa da miyar kuka da man shanu. Kada ku tambaye ni barci. Ɓerayen Karaye ba sa tsoron baƙo, kuma akwai wata akuya da ta saba kwana a wurin, ba ta ga dalilin da zai sa ta canja ɗaki saboda ni ba. Na tashi da asuba wuyana a sanƙare.

Ranar ta dace da kasuwar Rogo, don haka mota ba ta yi wuya ba. A nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa.

Direban bas ɗin ya dube ni ya sake dubana, ya ce, "Kai ba Ɗanlami ba ne na Alhaji Haladu? Na gan ku a wani biki a Gwarzo!" Ya sauke wani daga gidan gaba ya ɗora ni. Ku fahimce ni. Shekara goma sha bakwai ina tsaye a bayan mutum, ba a taɓa kiran sunana a tasha ba. Kaina ya kumbura. Muna hanya ya ce kaset ɗinsa ya taune, ko ina da wani abu sabo? Na ce akwai wanda duk duniya ba wanda ya taɓa ji. Da hannuna na miƙa masa.

Mu makaɗa haka aka raine mu, yabo kyauta ne, kuma kyautar da aka yi a gaban jama'a ta fi daraja. Ban taɓa ganin wanda aka waƙe ya ce a rage murya ba. A tunanina ma alheri nake mata, sunanta zai riga ni shiga gari.

Gurmi ya tashi, muryar Alhaji ta cika motar. Asabe ta bayan kasuwa, uwar makaɗa, uwar 'yan mata. Magajiya mai zaure ƙofa biyu, tuwonki na ci na yi murya. Ga muryata nan a bayan tasa ina amsawa. Direba yana buga sitiyari, ya ce a sake, aka sake.

Sai wani tsoho daga baya ya ce, "Asabe ta bayan kasuwa? Ai Hajiya ce, mahaifiyar Malam Nasiru."

Wata mata ta ce, "Wace Hajiyar? Wadda ke mana karatu ranar Alhamis?"

"Ita fa."

"Magajiya? Ashe!"

Sai raɗe-raɗe ya cika motar. Wani ya yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Na miƙa hannu na zare kaset ɗin na mayar aljihu. Daga nan har Rogo ban sake ɗaga kai ba, kuma hanyar ta yi min tsawo ƙwarai.

Da na sauka ƙafata ta ƙi kai ni gidanta. Na ce bari in fara ganin wurin, tunda shi kuke ta tambaya. To ga abin da na gani. Injin niƙa ne yanzu. An sare tsamiyar, kututturen ne mata ke ɗora ƙwaryar dawa a kai suna jiran layi. Zauren yana nan rabi, an toshe ƙofa ɗaya da tubali. A bangon kudu akwai baƙin hayaƙi har sama, ina jin nan murhun yake. Na tambayi mai injin ko ya san a nan Haladu Kurugu ya fara. Sai da na faɗa sau uku saboda ƙara. Ya ce shi dai haya yake, in niƙa na kawo in bi layi. Na tsaya kamar minti biyar gari yana sauka a hulata, na juya. Ban ji komai ba sai gajiya.

Sai bayan azahar na yi ƙarfin hali. Malam Nasiru ya fito ya same ni a zaure, mutum mai natsuwa, zai yi sa'ana. Ya gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, bai rage ko ɗaya ba, ya sa aka kawo ruwa. Sannan ya ce:

"Kai ne baƙon da ya zo da waƙa a mota."

Na ce ni ne.

"Tun hantsi mata uku sun shigo gidan nan, wai sun zo gaida Hajiya. Ba su saba zuwa ba. Ni na san inda na tashi, Malam, a zauren can na bayan kasuwa na koyi tafiya, kuma ba na jin kunyar mahaifiyata. Amma 'ya'yana ba su sani ba, ɗalibanta ba su sani ba. Tsofaffin garin nan sun sani, sun rufa mata asiri fiye da shekara ashirin. Kai ka tona shi a tafiyar awa ɗaya."

Na fara ba da haƙuri, ya ce in sha ruwa in kama hanya tun da rana. Ina shirin tashi sai aka yi magana daga cikin gida. Ya shiga, ya daɗe, ya fito ya ce Hajiya ta ce in shigo.

Tana zaune a tabarma a inuwar ɗaki, 'yar tsohuwa ƙarama, idonta ya yi hazo, carbi a gefenta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta tambayi jikin Haladu dalla-dalla, me yake ci, wa ke jinyarsa. Na faɗa mata saƙonsa kamar yadda ya ba ni, cewa yana neman gafara don ya waƙe kowa bai waƙe ta ba. Na ajiye kaset ɗin a gabanta, na ce ko a kawo rakoda.

"A'a, ɗan nan. Faɗa min da baki, ba da waƙa ba."

Na karanto mata baitocin kamar mai karanta wasiƙa. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Ya yi tsawo." Ta ɗan murmusa, murmushin ya tafi.

"Haladu ya manta," in ji ta. "Ni na roƙe shi. Ranar da za su tafi Kano na ce masa, ka ga ina da ɗa, kuma ba a nan zan ƙare ba in Allah ya yarda. Duk inda ka kai, kada ka sa sunana a waƙa. Ya ce ya yi alkawari. Duk shekarun nan in na ji shi a rediyon maƙwabta ina kasa kunne har ya gama, in ji bai kira ni ba, in ce Allah ya yi wa yaron nan albarka. Maza da yawa sun yi min alkawari a zauren can. Nasa kaɗai nake cewa an cika."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce, "Hajiya, shi bai ce a sa a mota ba. Wannan laifina ne ni kaɗai."

"Na sani. Ku makaɗa ba ku san ana gudun yabo ba." Ta laluba ta ɗauki kaset ɗin ta tura ƙarƙashin tabarma. "Wannan ya zauna a nan. Ka ce masa abin da yake neman gafara a kai babu laifi a ciki. Na yau kuma na yafe, shi da kai. Amma kada ka gaya masa sauran, mara lafiya ne. Ka ce na ji, na gode."

Ta sa aka ƙulla min gyaɗa da kuka in kai masa. Malam Nasiru ya raka ni har bakin titi, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Komowa ba ni da abin ba ku labari. Ban biya wajen Baba Iro ba, kunya ta hana ni. Mota ta mutu sau biyu, muka tura. Na kwana a tashar Karaye a kan benci, washegari na shigo Kano da hantsi, ban je gida ba na wuce wajen Alhaji.

Na same shi ya ƙara ramewa a kwana ukun nan. Yana ganina ya yunƙura.

"Ka same ta? Tana raye?"

"Tana raye, Alhaji. Ta ji, ta gode. Ta ce ta yafe."

Ya ɗaga hannu ya yi hamdala, hawaye yana bin gemunsa. Na ajiye masa gyaɗar da kukar, na ce a raina shi ke nan, na sauke. Sai ya ce:

"To yanzu a kai wa masu buga kaset. Ina so kowace tasha a ji sunan Asabe kafin in mutu."

Na ce kaset ɗin yana wurinta, ta riƙe.

"Ba komai. Kira su Mamman su zo da kalangu, mu sake ɗauka yau ina da ɗan ƙarfi."

Na zauna ina kallon tabarma. Ta ce kada in faɗa masa. In kuwa na yi shiru, cikin mako biyu waƙar tana kowace bas da ke shiga Rogo. Shekara goma sha bakwai bai taɓa faɗar abu na ƙi amsawa ba.

Na ce, "Alhaji, wannan waƙar ba zan amsa ba."

Ya dube ni kamar bai san ni ba. Sai na gaya masa duka, har abin da na yi a mota, har maganarta ta alkawari. Ban rage komai ba.

Ina jin numfashinsa. Can ya ce, a hankali, kamar ba da ni yake ba:

"Tana kwashe tuwo ta faɗa. Ina tsaye da gurmi a kafaɗa, motar dillali tana jira. Wallahi ta faɗa."

Ya juya fuskarsa bango. Da zan fita ya ce, ba tare da ya juyo ba, in gaya wa su Mamman kada su zo.

Yana nan kwance har yanzu, ina zuwa kullum da safe in gaishe shi. Bai sake tambayata Rogo ba. Waƙar mu huɗu muka iya ta, kuma babu wanda ya sake rera ta ko a ɗaki.